Daga hoton biki zuwa hoton ƙashi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar hoto a Gadarif, a gabashin Sudan. Shagona ɗan mitsitsi ne a gefen kasuwa, da labule shuɗi, da wani mai zanen Ka'aba, da kujerar amare mai ruwan zinare wadda ƙafarta ɗaya sai an tokare da bulo. Lokacin da kasuwa take kasuwa, da zarar an yanke riɗi kuɗi sun shigo hannun manoma, barci ma sai na sata. Yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi saukar Alƙur'ani. Sai abu biyu suka haɗu suka karya mu: ofisoshin lambar ɗan ƙasa da na fasfo suka koma ɗaukar hoton mutum da kansu, waya mai kyamara kuma ta shiga aljihun kowa. A 2014 akwai watan da cinikina bai biya hayar shago da kuɗin wuta ba.

A cikin wannan halin ne ƙanena ya faɗo daga babur, na kwashe shi zuwa asibiti, aka ce a kai shi ashi'a. Haka muke kiran hoton ƙashi a nan, da Larabcin da ya zauna mana a baki. Ina tsaye a ƙofa sai wani wari ya daki hancina, warin da na sani tun ina yaron shago: ruwan wanke fim. Na leƙa ɗan ɗakin da ke gefe, ga jan ƙwan fitila, ga tankunan ruwa, ga finafinai a rataye suna ɗiga. Na ce a raina, ashe sana'ar maigidana ce aka sa mata farar riga. A daren ban yi barci ba. Na riƙa lissafi cewa rabin aikin na riga na iya, saura takarda kawai. Wannan lissafin ya ruɗe ni, kuma sai da na yi kusan shekara uku kafin na gane inda na yi kuskure.

Inna ce ta fara tsayawa. Ta ce, "Kai yanzu da 'ya'ya mata biyu kacal za ka je ka tsaya a gaban abin da ke cinye haihuwa?" Maiɗakina ba ta ce komai ba a gabanta, amma da dare ta tambaye ni abu ɗaya: wa zai ciyar da gida. Amsar ta fito daga wurare uku. Na sayar da kyamarori biyu da injin buga hoto, Yaya da ke Jidda ya yi alkawarin riyal kaɗan duk wata, Kawu kuma, wanda ke gasa agashe, wato tsire, a Khartum, ya aiko cewa ɗaki da abinci yana wuyansa, in dai zan riƙe masa wuƙa daga Magariba zuwa sha ɗaya.

Matsala ta farko takarda ce. Shahadar sakandare da nake da ita ta ɓangaren adabi ce, kuma ta tsufa. Karatun ashi'a sai da shahadar kimiyya, mai fiziya da ilimin sinadarai da ilimin halittu. Dole na sake zama jarrabawar Shahadar Sudan, darussa bakwai, ina da shekara talatin da ɗaya. Na shiga ajin yamma tare da yaran da wasunsu ni na ɗauki hoton sunansu. Mai gadin makarantar ya ɗauki makonni yana tare ni a ƙofa, yana cewa iyaye a waje suke jira. A watan Maris na 2016 na zauna. Makin da na samu bai kai ni kwalejin ashi'a ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha ba, wadda ita ce kowa ke buri, sai na nemi difloma ta shekara uku a wata kwaleji mai zaman kanta. Ƙarshen shekarar na hau bas, kilomita ɗari huɗu da wani abu, ta Fau da Madani, na sauka a Mina al-Barri, babbar tashar motar Khartum, da jaka ɗaya da buhun riɗin da Inna ta ce a kai wa Kawu.

Zangon farko ya ƙasƙantar da ni. Malamai suna bayani da Larabci, amma sunan kowane ƙashi da kowace tsayuwa da Turanci ne ko Latin, ni kuwa Turancina bai wuce abin da ke rubuce a bayan kyamara ba. Ƙashi 206 ne a jikin baligi, kuma ba sunansa kaɗai ake so ba, har da kowane tudu da rami da ke jikinsa. A wuyan hannu kawai akwai ƙanana takwas. Abin da ya cece ni teburin Kawu ne. Duk daren da muka feɗe rago, sai in ware allon kafaɗa, da haƙarƙari, da jerin ƙashin baya, in wanke, in jera a kan tire ina kiran sunayensu. Kawu ya kan kalle ni ya ce, "Ɗan nan, karatu kake ko tsafi?" Sai dai rago ya taɓa yaudarata. Haƙarƙarinsa goma sha uku ne a kowane gefe, na mutum goma sha biyu, kuma a gwajin farko na rubuta na rago. Ƙashin wuya ne muka yi tarayya da shi, bakwai bakwai.

Fiziyar kuwa ta yi mini daɗi fiye da yadda na zata, domin a nan ne tsohuwar sana'ata ta ɗan yi magana. A cikin kan na'urar akwai kwalba da aka zuƙe wa iska. Ana ɗumama wata 'yar waya, ƙwayoyin lantarki su taso, a fizge su da ƙarfin wuta mai yawa su daki faifan ƙarfen tangistan. Kusan kashi 99 cikin ɗari na wannan ƙarfin zafi yake zama, ɗan abin da ya rage shi ne hasken da ke ratsa jiki. Shi ya sa aka zaɓi tangistan, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400. Ƙashi yana tare hasken sai ya fito fari, iskar huhu ba ta tarewa sai ta fito baƙa. Maɓallai biyu ne a hannunka: kilobolt, wanda ke ƙara wa hasken ƙarfin ratsawa, da ɗayan da ke ƙayyade yawansa da daɗewarsa. Duk wanda ya taɓa wasa da buɗin ido da saurin ƙyaftawar kyamara zai kama wannan da wuri. Ranar da malami ya ba mu labarin Wilhelm Röntgen, Bajamushen da ya gano hasken a garin Würzburg ran 8 ga Nuwamba 1895, ya nuna mana hoton hannun matarsa da zobe a yatsa, ni abin da na fara lura da shi shi ne hoton ya ɗan yi dishi-dishi. Hali zanen dutse.

A ajin kariya ne na samo wa Inna amsa. Ana auna abin da jiki ya sha da milisibat. Hoton ƙirji ɗaya kusan 0.1 ne, kwatankwacin abin da kowa ke sha daga ƙasa da sama a cikin kwana goma ba tare da ya shiga asibiti ba. Ma'aikaci an kafa masa iyaka, kada ya wuce 20 a shekara idan aka raba a kan shekara biyar, kuma wanda ke tsayawa bayan bangon darma ba ya ko kusantar wannan. Nisa ma kariya ce: ka ninka tazararka sau biyu, abin da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wani ɗalibi ya tambaya ko gaskiya ne madara tana wanke ashi'a daga jiki, domin kowa a unguwa haka yake ce mana. Malamin ya ce ka sha don daɗinta, amma rigar darma ita ce madararka. Na kira Inna na zayyana mata duk wannan. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in dai riƙa shan madarar.

Shekara ta biyu aka tura mu horo a wani babban asibiti, aka haɗa ni da wani dattijon ma'aikaci da kowa ke kira Ustaz. Ya ji na yi hoto a baya, bai ce komai ba. Mutum na farko da ya bar mini wani ɗan dako ne mai tari. Na tsayar da shi, na danna, aka fito da hoto, na ga allunan kafaɗarsa sun rufe saman huhu. Ba tare da tunani ba na ce masa, "Tsaya mu sake ɗaya." Wannan kalmar na faɗe ta sau dubbai a shago, amarya ta ƙyafta ido a sake, yaro ya juya a sake. Ustaz ya riƙe hannuna kafin ya kai ga maɓalli. Ya ce, "Malam, a shagonka sake ɗaya me yake ci?" Na ce takarda. Ya nuna ɗan dakon da haɓa ya ce, "Nan jikin wannan yake ci. Kafin ka danna ka gama aikinka."

Daga nan ya koya mini hoton ƙirji kamar mai koyar da alwala, komai da jerinsa. Mutum ya fuskanci allo, hasken ya fito masa ta baya, domin zuciya tana gaba, idan ta yi nesa da fim sai inuwarta ta kumbura likita ya zaci ciwo ne. Tazara santimita 180, saboda wannan dalilin dai. Haɓa sama. Bayan hannaye a kan kwankwaso, a turo kafaɗu gaba har alluna su fice daga filin huhu. A rage hasken ya tsaya iya ƙirji, kada ya zuba a ciki da wuya. Sannan ya ja numfashi ya riƙe. Idan hoto ya fito ka ƙirga haƙarƙarin baya, in ka samu tara ko goma a saman shimfiɗar da ta raba ƙirji da ciki, ya ja iska yadda ake so. Ƙashin hannu ko ƙafa kuma ba a yi masa hoto ɗaya, sai biyu, gaba da gefe, domin karaya tana iya ɓuya a ɗaya ta bayyana a ɗayan.

Kuskuren da har yau nake jin kunyarsa na harafi ne. Akwai 'yan haruffan darma biyu da ake ɗorawa a gefen kaset, wato allon da fim ke ciki, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Wata ranar Alhamis da cunkoso, aka kawo yaro da kumburin gwiwar hagu, na ɗora na dama. Likitan ƙashi ne ya lura, ya aiko da hoton da tambaya a bayan takarda. Ustaz bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ya jira aka watse, ya ciro haruffan daga aljihuna, ya ɗaura wa na dama jan zare, ya ce akwai ƙasashen da aka yi wa mutum aiki a lafiyayyar ƙafa saboda irin wannan. Zaren yana nan har yau, ya koma ruwan ƙasa.

Ɗakin duhun da ya jawo ni cikin sana'ar kuwa, ko wata shida ban yi a cikinsa ba. Asibitocin Khartum suna ta komawa kaset ɗin da ake zurawa a na'ura hoto ya fito a kwamfuta. Abin da na zo da shi ina taƙama ya riga ni tsufa.

Shekara uku aka ce, amma Sudan ta yi nata lissafin. A Disamba 2018 zanga-zanga ta tashi, Gadarif ma tana cikin garuruwan farko, aka rufe jami'o'i. Shugaba Bashir ya faɗi ran 11 ga Afrilu 2019, mu dai muna gida har bayan damina. Mun koma ke nan ba da daɗewa ba sai korona ta shigo a Maris 2020, aka sake rufewa. Kuɗin makaranta yana hawa, fam yana zubewa, riyal ɗin Yaya ne kawai ke ƙara daraja. A wannan tsakanin na yi noman riɗi, na yi hoton biki da kyamarar aro, sau biyu na ce na haƙura. Maiɗakina ce ta ce wanda ya sayar da kyamara ba shi da wurin komawa. Sai a 2021 na karɓi takardata, na yi rajista da Majalisar Ƙasa ta Sana'o'in Likitanci da Lafiya, wadda in ba da lambarta ba, ba ka da izinin taɓa majinyaci. Na tattara na koma Gadarif ina da shekara talatin da shida.

A gida ne na gane abin da na kawo daga shago wanda ke da amfani. Ba ruwan wanki ba ne, ba sanin haske ba ne. Iya tsayar da mutum ne. Shekara goma sha ɗaya ina lallashin amaren da kunya ta hana ɗaga kai, da tsofaffin da suke sandarewa kamar an kafa su, da yaran da ke tsala ihu. Ɗakin ashi'a ya fi shago ban tsoro: sanyi, ƙarfe, a ce ka tuɓe riga, sannan ma'aikaci ya gudu ya ɓuya bayan bango ya bar ka kai kaɗai. Ga kuma harshe. Mutanenmu da yawa daga ƙauyuka suke zuwa, tsofaffin mata musamman Larabcinsu na kasuwa ne. Abokin aikina zai yi ta ɗaga murya yana cewa a ja numfashi a riƙe, tsohuwa tana gyaɗa kai tana sakin iska. Sai a kira ni. In ce, "Sannu Iya, an zo lafiya? Ya mutanen gida? Rungumi allon nan kamar jikanki. Yauwa. Ja iska sosai kamar za ki hura wuta. Riƙe, kar ki saki sai na ce." Hoto ɗaya ya isa. Wata ta taɓa kama hannuna tana tambayar ɗan gidan wa ne ni, ta ce tun safe ba wanda ya gaishe ta.

Akwai abubuwan da littafi bai faɗa mini ba. Laya mai ƙarfe ko tsabar kuɗi a ciki tana fitowa fara tas a tsakiyar huhu, kuma ba kowane dattijo ne zai yarda ya cire ba, sai ka ce masa ya riƙe ta a hannu, ba za ta bar jikinsa ba. Kitso mai kauri idan ya sauko kan kafaɗa yana yin inuwa kamar tabo. Jigida tana ɓata hoton ƙugu. Tambayar juna biyu kuwa, wadda dole a yi wa duk macen da ke shekarun haihuwa kafin hoton ciki ko ƙugu, ita ta fi ba ni wuya. Namiji baƙo ba ya tambayar matar mutum wannan kai tsaye, ballantana surukarta tana tsaye. Yanzu sai in sallami masu rakiya, in kira ma'aikaciya mace, ko in sunkuyar da kai in ce, "Hajiya, ki gafarce ni, aiki ne. Yaushe rabonki da fashin salla?"

Masu karaya galibi sai sun biya ta wurin maɗori, wanda Larabawa ke kira basir, sannan su iso gare mu bayan mako uku da hannu a karkace. Ba na zaginsu, domin na ga ɗorin da ya yi kyau. Wani tsohon maɗori ma yanzu shi ke turo mini mutane, ya ce ba zai taɓa ba sai ya ga hoto. Abin da ke sosa mini rai nabit ne, wato madura, ciwon da ke shiga ta sukar ƙaya a ƙafar manomi ko makiyayi, ya yi shekaru yana kumbura ba zafi, yana fitar da 'yan ƙwayoyi kamar gero. Sudan tana cikin ƙasashen da ya fi yawa, har aka kafa cibiyar bincikensa a Soba ta Khartum a 1991, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Likita yana turo su ne don a ga ko ya kai ƙashi. Idan ya kai, za ka ga ƙashin ƙafa da ramuka kamar gara ta ci itace, mutumin kuma yana zaune yana tambayarka ko zai samu komawa gona kafin shuka.

Wannan tambayar, "Me ka gani?", kullum sai an yi mini ita, kuma ba hurumina ba ne in amsa. Suna ce mini daktor, ina cewa ni mai hoto ne, likita ne zai karanta. A shago aikina in goge ƙurji, in haska fuska, mutum ya fita ya fi yadda ya shigo kyau. Nan kuwa idan na gyara komai na ci amana.

Maganar kuɗi, kada in yaudari kowa. Albashin gwamnati ba ya kai ƙarshen wata, kusan dukanmu muna da aikin yamma a wani wuri mai zaman kansa. Da yawa daga 'yan ajinmu Saudiyya suka nufa, inda sai an tantance takardunka ta kamfanin DataFlow, ka ci jarrabawar Prometric, Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ta ba ka matsayi. A can ma mai digiri yana gaban mai difloma, haka wajen samun aikin manyan na'urori irin su siti-sikan mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki. Da ina da shekara ashirin da biyar lokacin da na fara, digirin zan yi kai tsaye. Na yi niyyar yin karatun cike gibi in ɗaga diflomar, na ma fara tara kuɗi, sai yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023.

Kawu ya iso Gadarif da iyalinsa a bayan babbar mota, ba tire ba wuƙa. Da Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, garin ya cika har makarantu sun zama gidaje. Muka koma ɗaukar abin da ban taɓa gani a horo ba, harsashi da ɓaraguzan ƙarfe a cinya da ƙirji. Wuta tana ɗaukewa, janareta ba ya ɗaukar na'urar kullum, fim ya yi tsada, har likitoci suka koma ɗaukar hoton allon kwamfuta da waya suna tura wa juna ta WhatsApp. Wayar da ta kashe mini shago ke nan. Ɗan bajon da ake maƙalawa a ƙirji don auna abin da jikinmu ya sha, an daɗe ba a karɓa an karanta ba, sai dai mu kiyaye bango da tazara.

Kwanakin baya wani mutum ya shigo da takardar hoton ƙirji, ya rame, yana tari cikin gefen rawani. Ya ƙura mini ido ya ce, "Kai ba kai ne mai shagon kujerar zinare ba?" Ni na ɗauki hoton aurensa, ya ce har yanzu yana rataye a ɗakin matarsa, kuma kowa yana cewa na rage masa shekara goma. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na tsayar da shi, na turo kafaɗunsa gaba, na ɗora harafin mai jan zare. Yana rungume da allo ya ce, "To Malam, a gyara ni kamar wancan karon."

Hoton ya fito a kwamfuta, haƙarƙari goma cif, ba abin sakewa. A saman huhun dama akwai rami mai kauri a gefe. Na ba shi takunkumi ya sa, na tambaye shi yara nawa ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ya ce huɗu, da na ƙanwarsa da suka zo daga Madani. Ya tambaye ni me na gani. Na ce likita zai yi masa bayani, kuma za a so ya ba da majina a gwada. Ban ba shi takardar ya bi layi ba. Na ce wa abokin aikina ya riƙe mini ɗakin minti biyar, na ɗauki hoton, muka nufi ofishin likitan ƙirji tare, yana ba ni labarin yadda kujerar ta kusa kayar da amaryarsa.